Ranar Ƙaddamar da Kwaɗon Yaya Lukmanu

Ameera, Surayya, ku rufe littafin nan ku matso, wallahi in ban faɗa muku abin da ya faru a kwatas ɗinmu shekaranjiya ba, cikina fashewa zai yi. Kun san Yaya Lukmanu? Ƙanen Anti Safiyatu, maƙwabciyarmu ta Jikwoyi mai aiki a ma'aikatar tarayya, wanda yake zaune a ɗakin bayan gidanta? Dogon nan mai sa kwat ko da rana na narka kwalta? To shi fa!

Shekara uku ke nan da gama bautar ƙasarsa, bai taɓa zama a ofishin kowa ba. Wai shi ba a haife shi don ya ce wa wani oga ba, shi za a ce wa. Har kati gare shi, an buga sunansa, a ƙasa an rubuta Shugaban Kamfani. Kamfanin ne dai har yau ba a gano inda yake ba. Ana nan sai ya faɗa son Anti Mashkura, wadda ke karatun jinya a Gwagwalada, ita ma kuma tana sonsa, wai don yana ba ta dariya. Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya. Ƙanen mahaifinta, Baba Wakili, babban manomi a can Gwagwalada, shi ke ba da auren 'ya'yan gidan, kuma ya rantse ko kaza ba zai ba marar sana'a ba, balle 'ya.

Shi ne fa Yaya Lukmanu ya ci karo da wani bidiyo a waya. Wai akwai wasu mitsi-mitsin kwaɗi na ruwa, kowanne bai kai babban yatsa ba, Turawa na ajiye su a falo cikin tankin gilashi kamar kifin ado, suna saye da tsada. Kuma wai asalinsu daga dazukanmu na Afirka ne. Bai ma kalli bidiyon ya kai ƙarshe ba ya zura kwat ya nufi Wuse wajen masu kifin ado. Ya dawo da tanki a ka, da kwaɗi biyu a leda, mace da namiji. Namijin ya sa masa suna Darakta, macen kuma Sakatariya.

Anti Safiyatu ta leƙa ledar, ta dube shi.

"Lukmanu, wannan ne aikin da ka ce ka samu?"

"Anti, ba aiki ba ne, masana'anta ce. Waɗannan biyun da kike gani, nan da wata biyu ɗari biyar ne. Nan da shekara ke ma sai kin cike fom kafin ki gan ni."

"Ni dai a aurar da kai ka ba ni ɗakina."

A ranar da yamma sai ga kiran Baba Wakili. Yaya Lukmanu ya miƙe tsaye, ya gyara kwat kamar tsohon na ganinsa.

"Yaro, Mashkura ta ce ka kama sana'a. Wace iri?"

"Harkar kwaɗo nake, Baba."

"Kwaɗo! Masha Allah. A garin nan da ɓarayi suka yi yawa, ai ka yi dabara. Manya ko ƙanana?"

Kun gane ko? Shi Baba kwaɗon kulle ƙofa yake nufi! Shi kuwa gogan, da ya ji yabo sai kunnensa ya toshe.

"Ƙanana ne, Baba, ba su kai babban yatsa ba."

"To, irin na akwati ke nan."

"Ƙwarai kuwa, a akwati suke zama."

"Ruwa ba ya ɓata su? Ka san damina."

"Baba, ai waɗannan ko shekara biyar suka yi a cikin ruwa ba abin da zai same su."

"Ikon Allah! Daga waje kake oda?"

"A'a, a gida nake samar da su, da hannuna."

"Da hannunka! To yaro, ka burge ni. Nan da wata biyu, in na gama da noman fari, ranar Asabar zan zo na gani da idona. In na tarar da abin da ka faɗa, a ranar zan ce ka turo magabatanka."

Wayyo, Yaya Lukmanu ranar har Zacharias mai gadi sai da ya yi wa alkawarin mota.

Kwana uku da haka, bayan la'asar, sai aka fara jin wani zuuuu, zuuuu, daga bayan gidan Anti Safiyatu, kamar wayar wuta na shirin kamawa. Zacharias bai tambayi kowa ba, ya ruga ya kashe wutar kwatas gaba ɗaya. Mutane suna tsakiyar kallon ƙwallo! Aka firfito ana salati, ana neman inda hayaƙi yake. Sai ga Yaya Lukmanu ya fito yana murmushi, hannu a aljihu.

"Ku kwantar da hankalinku, jama'a. Darakta ne yake wa Sakatariya waƙa. Haka suke zance."

Madam Felicity, ta gida mai lamba huɗu, mai sayar da ƙanƙara, ta riƙe ƙugu. Kun san Hausarta, mace namiji duk ɗaya ne a wajenta.

"Lukman, saboda kwaɗo yana toshi ne ƙanƙara na zai narke?"

"Madam, ki yi haƙuri, in kamfani ya tsaya da ƙafarsa zan saka miki sola."

Washegari da safe kuwa ya tarar da ƙwai. Ƙanana-ƙanana kamar an barbaɗa riɗi a saman ruwa. Ihun da ya yi sai da kajin bayan katanga suka watse. Maimakon ya kwashe ƙwan ya raba su da iyayen, wanda ashe shi ne abin da bidiyon ya faɗa a wajen da bai kalla ba, sai ya tafi guga. Ya goge kwat, ya taje gemu, ya bi gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa, wai kowa ya zo ya shaida tarihi. Kafin ya tattaro mutane awa biyu ta wuce. Aka cika ɗakin, aka sunkuya a kan tanki.

Ruwa fes. Ko ƙwai ɗaya babu. Sakatariya na kwance a kan dutse, ciki ya yi tim, tana lumshe ido.

Madam Felicity ta ce, "Ina tarihin? Ni na bar miya a wuta fa."

Zacharias ya kanga fuska da gilashin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Oga Lukman, wannan matan naka ya cinye yaransa."

"Ba cinyewa ta yi ba. Ɓoye su ta yi, saboda ta ga idon mutane ya yi yawa."

"A ciki ya ɓoye?"

"Kai gadi aka ɗauke ka ko binciken kimiyya?"

Bayan mako guda suka sake sakin ƙwai. Wannan karon ya yi wayo. Ya ɗauko cokalin miyar Anti, ya kwashe su tas, ya zuba a babbar robar wankinta, ya kai baranda wai su sha iska. A buɗe! Da damina! Kwana biyu ƙwan suka yi fari suka lalace, shi bai sani ba. Kwana huɗu sai ga wasu 'yan abubuwa suna wutsil-wutsil a ruwan, sun fi ɗari uku.

Ku zo ku ga rawa. Ya dinga dafa ƙwan kaza yana murmushe musu gwaiduwa. Ya dinga ɗaukar su hoto yana tura wa Anti Mashkura, wai ga ma'aikatan farko. In rana ta yi zafi ya kafa musu lema.

Anti Safiyatu ta dawo daga ofis, ta tsaya a kan robar, ta karkata kai.

"Lukmanu, anya waɗannan talibambam ne? Ni sun yi min kama da abin nan na cikin tsohuwar taya."

"Anti, ke takarda kika sani. Wannan jinsin haka jariransu suke, sai mai ido."

"Me ya sa suke rataye da kai a ƙasa?"

"Motsa jiki ne."

Ranar kwana na tara da magariba, ma'aikatan farko suka yi fiffike suka tashi. Sauro! Sauro ne ya yi ta kiwo da gwaiduwar ƙwai! Kuma wallahi ba irin sauron da kuka sani ba, ƙosassu, sun sha gata. Kwana uku ba abin da kake ji a kwatas sai tafi, kamar ana biki a kowane gida. Idon Madam Felicity ɗaya ya kumbura ya rufe. Zacharias yana gadi cikin gidan sauro, ya rataya shi a ka kamar amarya.

Aka kira taron kwatas ranar Lahadi. Madam Felicity ta miƙe da idonta ɗaya.

"Wannan yaro, yau kwaɗo, gobe sauro, jibi maciji zai kawo mana!"

Yaya Lukmanu ya ce, "Da farko dai, ba a tabbatar sauron nawa ba ne. Akwai wanda ya ga tambarin kamfani a jikinsu?"

Saura kaɗan a dake shi da kujerar roba. Aka yanke hukunci: daga ranar, ko kiyashi aka kama shi yana kiwo, sai ya bar kwatas.

To ga doka, ga kuma Darakta da Sakatariya sun shiga yajin aiki. Ba waƙa, ba ƙwai, sai ci da barci. Saura mako biyar Baba Wakili ya zo, ɗari biyar ɗin nan kuwa har yanzu biyu ne. Ya yi musu lallashi, ya kunna musu waƙar soyayya a waya, ya yi barazanar kora, ko a jikinsu.

Sai ya zauna ya yi tunani irin nasa. Talibambam dai ai talibambam ne. Baba Wakili manomi ne, ina ya san bambanci?

Talata da sassafe, bayan Anti ta tafi aiki, ya ɗauki rariyar tankaɗenta da bokitin fenti mai murfi ya hau motar Karshi. A bayan kasuwa akwai wani kududdufi da ruwan sama ya tara, baƙi ƙirin da talibambam. Ya naɗe wando, kwat na jikinsa fa, ya shiga har gwiwa yana kamfata. Mata masu tumatir suka bar kayansu suka jeru a baki.

Ɗaya ta ce, "Alhaji, wani abu ne ya faɗa?"

"Bincike nake, daga Abuja aka turo ni."

"Da rariya?"

"Ta zamani ce."

Yana juyowa zai ƙara bayani, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a taɓo. Wata tsohuwa ta ce, "Sannu, gwamnati." Sau uku yana zuwa Karshi kafin ya ga sun ishe shi.

Ya sayo wani ƙaton tanki na hannu, ya shigar da shi ɗaki a cikin kwalin firji, ya mai da Darakta da Sakatariya ƙaramin. Ya rufe taga, ya saki labule. Su kuma baƙin nan na Karshi, ci! Kullum da safe sai a ga Yaya Lukmanu ya dawo daga kasuwa rungume da alayyahu da latas da zogale, dami-dami, yana dafa musu. Madam Felicity ta gan shi sau ɗaya, sau biyu, sau biyar, sai ta bi gida-gida da albishir.

"Yaron nan Allah ya shirye shi. Ya bar kwaɗo na ruwa, ya koma sana'an abinci. Kullum ganye yake saya."

Anti Safiyatu kaɗai ta san gaskiya, don ta nemi rariyarta ta same ta tana warin taɓo. Amma ta ja bakinta ta yi shiru, ita dai a aurar da shi.

Saura mako biyu, Anti Mashkura ta zo gaishe da Anti Safiyatu, Yaya Lukmanu ya ja su biyun ɗaki su ga arziki. Anti Mashkura ta daɗe tana kallon tankin, ta kalli ƙaramin, ta sake kallon babban.

"Lukman, iyayen masu ruwan ƙasa ne, 'ya'yan kuma baƙaƙe wuluk."

"Dangin uba suka ɗebo."

"Na karanta fa, an ce jariran irin wannan ba sa cin ganye, sai ƙananan halittu masu motsi."

"Na Turai ke nan. Nawa 'yan ƙasa ne, ba sa zaɓen abinci."

"Kuma tun yanzu sun kusa kamo uwarsu a girma."

"Kulawa ce, ranki ya daɗe. Ke ma haka za ki koma a gidana."

Ta toshe baki tana dariya. "To ka dai sa masa murfi."

"Murfin me? Wannan jinsin ba ya barin ruwa har ya mutu. Ko kin buɗe masa ƙofa kin ba shi kuɗin mota, ba zai fita ba."

Ita duk a zatonta Baba Wakili ya san kwaɗon ruwa ake magana, shi ya sa ba ta ce komai a gida ba.

Ranar Laraba ta ƙarshe talibambam duk sun yi ƙafafu huɗu, jela ta fara guntulewa. Yaya Lukmanu ya ce lokaci ya yi. Kun san yadda manya suke buɗe sabon gini a talabijin, a lulluɓe allo da ƙyalle, a ɗaura ribon, babban baƙo ya yanka? To haka ya shirya. Da tsakar rana, kwatas ba kowa, ya rage ruwan tankin ya koma rabi don ya iya ja, ya turo shi har falon Anti. Ya ɗauko tukunyar ƙasa ta ado da ta sayo a Ushafa ya kifa a tsakiya, ya jingina wasu itatuwa har bakin gilashi, wai don ya yi kyau a hoto. Matakala fa ke nan ya kafa musu! Ya zuba ganyen kwana uku, ya lulluɓe tankin da sabuwar atamfar Anti, ya ɗaure da jan ribon, ya ce ko shi ba zai leƙa ba sai ranar.

Sannan ya tura saƙo a guruf ɗin kwatas: "Ana gayyatar kowa da kowa ƙaddamar da KWAƊON LUKMANU, Asabar ƙarfe sha ɗaya, a falon Hajiya Safiyatu. Akwai wadatacce."

To a rubuce ai duk ɗaya ne! Kowa ya karanta sai ya tuna damin zogalen nan, ya ce kwaɗon zogale ne da ƙuli-ƙuli. Mamanmu ma cewa ta yi kar a ɗora abincin rana, ta miƙo min kwano.

Asabar tun goma da rabi falo ya cika. Mata da kwanuka, yara da cokula, Madam Felicity da kula mai hannu biyu, Zacharias da robar fenti da ya wanke. Anti Safiyatu tana raba zoɓo, tana kallon kwanukan, tana kallon ƙanenta, jikinta ya fara ba ta. Sha ɗaya daidai sai ga Baba Wakili, farar babbar riga tana ɗaukar ido, hula zanna, Anti Mashkura na biye da shi. Aka ba shi kujerar gaba, dab da tanki. Ya laluba aljihu ya fito da wani tsohon kwaɗon ƙofa mai tsatsa ya ɗora a tebur.

"Yaro, ga irin wanda nake sa wa rumbuna. Na zo da shi mu gwada da naka."

Yaya Lukmanu ya kalli kwaɗon ƙarfen nan. Sai a lokacin wayar nan ta wata biyu ta dawo masa, kalma bayan kalma. Gumi ya keto masa ta cikin kwat. Amma kun san shi.

"Baba, ai nawa ya wuce wannan ajin."

"Madalla. Kowanne da makulli nawa yake zuwa?"

Kafin ya amsa Madam Felicity ta cafe. "Lukman, ka sa yaji da yawa ko? Ni ba na son kwaɗo mai sanyi."

Ita duk iri ɗaya take furta su. Baba Wakili ya juyo.

"Yaji kuma? A kwaɗo?"

"Oga, kwaɗo babu yaji ai ba ya shiga."

"Baiwar Allah, mai ake ɗiga masa in ya ƙi shiga."

"E, da mai, da albasa, da tumatir kaɗan."

"Albasa?"

Zacharias ya ce, "Ni ko babu albasa zan ci."

Baba Wakili ya dubi Anti Mashkura. "'Yar nan, mutanen unguwar nan lafiyarsu ƙalau?"

Anti Mashkura ta riga ta gane komai. Ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa.

Yaya Lukmanu ya ga in ya bari aka ci gaba, asiri zai tonu tun kafin jawabi. Ya yi gyaran murya ya ɗaga hannu.

"Babban baƙonmu, iyayena mata, 'yan uwa maƙwabta, har da masu hassada. Abin da ke ƙarƙashin ƙyallen nan, babu irinsa daga nan har Legas. Ba ya ƙara, ba ya wari, ba ya cizo. Kuma ina so ku rubuta ku ajiye: inda ka ajiye shi, nan za ka dawo ka same shi."

Baba Wakili ya gyaɗa kai. "Haka ake son kwaɗo."

Aka miƙa masa almakashi. Ya yi bisimilla ya yanke ribon. Yaya Lukmanu ya kama gefen atamfa ya fizge da ƙarfi, irin na talabijin.

Wayyo Allah cikina! Ashe duk sun gama rikiɗa, sun hau tukunya, sun bi itace, sun manne a cikin atamfar. Da ya fizge sai ya watsa su sama. Ruwan kwaɗi aka yi a falon nan! Ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, baƙaƙe, ɗaruruwa, a ka, a cinya, a kwano, a kofin zoɓo. Waɗanda suka rage a tankin kuma suka biyo layi ta kan itace, ɗis, ɗis, ɗis, suna dira a kafet.

Ihu! Mata suka yi ƙofa, ƙofa ta cushe. Yara suna murna suna kamawa da cokali. Madam Felicity ta haye kan kujera rungume da kularta, ta leƙa ciki ta ga guda shida suna kallonta, ta yi jifa da ita, kula ta sami jug ɗin zoɓo, zoɓo ya sami farar rigar Baba Wakili. Anti Safiyatu tana tsakiyar falo tana juyi, "Kafet ɗina! Atamfata! Lukmanu, na shiga uku!"

Shi kuwa yana tsaye da atamfa a hannu yana cewa, "Jama'a, a zauna, a zauna! Gaisuwa suka fito yi, yanzu za su koma!"

Zacharias ya tsinci ɗaya daga wuyan rigarsa, ya ɗaga shi sama, ya juya shi.

"Oga Lukman, wannan ai kwaɗon kwata ne. Irin shi nake sharewa a bakin get kullum da safe."

"Ƙarya ne! Kama ce kawai!"

"Wallahi shi ne. Har na san babansa."

Daga kan kujera Madam Felicity ta ce, "To ina zogalen?"

Duk abin nan Baba Wakili bai motsa ba. Ya sa hannu a hankali ya cire hularsa, ya leƙa ciki, ya zazzage guda biyu a tafin hannu. Ya dube su, ya dubi tsohon kwaɗonsa na ƙarfe, ya dubi jan zoɓon da ke gaban rigarsa. Masu dira kuwa suna ta ɗis-ɗis.

"Lukmanu."

"Na'am, Baba."

"Zo nan ka durƙusa. A hankali, kar ka danne ma'aikata."

Ya zo ya durƙusa.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma amsarka ce za ta raba mu ko ta haɗa mu. Ina ka samo waɗannan?"

Yaya Lukmanu ya buɗe baki, kowa ya ga ƙaryar ta taho har ta iso leɓe. Sai ya haɗa ido da Anti Mashkura. Ta daina dariya, ta girgiza masa kai sau ɗaya. Ya haɗiye.

"Karshi, Baba. Kududdufin bayan kasuwa."

"Da me?"

"Da rariyar Anti."

"Kai da kanka ka shiga?"

"Sau uku. Har gwiwa. Sau ɗaya har ƙugu."

"Sati nawa kana ciyar da su?"

"Biyar. Safe da yamma. Ina canza musu ruwa duk bayan kwana biyu."

"Nawa suka mutu?"

Nan fa ƙirji ya ɗan taso. "Ko goma ba su kai ba, Baba."

Gemun Baba Wakili ya fara rawa, sai kawai ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har da hawaye, yana dukan hannun kujera, yana cewa, "Makulli nawa! Ni da girmana, makulli nawa!" Da kowa ya ga haka sai falo ya ɗauka, har Madam Felicity a saman kujera.

Da ya lafa ya goge ido da hannun riga ya ce, "Hajiya Safiyatu, na zo ganin sana'a, ban ga sana'a ba. Ƙanenki ba shi da ita. Amma mutumin da zai shiga taɓo da kwat, ya yi sati biyar yana dafa wa kwaɗin kwata alayyahu ba fashi, ba malalaci ba ne. Hankali ne kawai bai ishe shi ba, shi kuma Mashkura tana da na mutum biyu."

Anti Safiyatu ta ce, "Wallahi Baba har da canji."

"Ina da tafkunan tarwaɗa huɗu a gona, mai kula da su ya koma garinsu. Litinin ƙarfe bakwai ina son ganinka a can, ba kwat. In ka fitar min da kifin nan lafiya zuwa ƙarshen damina, ka turo magabatanka. Amma kafin nan, duk wani ɗan kwaɗo da ke gidan baiwar Allahn nan, ka tsince shi ka mai da shi inda ka ɗebo shi."

Anti Safiyatu ta rangaɗa guɗa. Anti Mashkura ta rufe fuska da mayafi. Yaya Lukmanu ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya gyara wuyan kwat, ga wani ɗan kwaɗo zaune a kafaɗarsa bai sani ba.

"Baba, tarwaɗa? Ai ka kawo kuka gidan... wato ka zo wajen mai ita. Huɗun nan, ka ba ni wata uku kawai, in ban mai da su arba'in ba, har jirgi zai dinga sauka a gonar yana—"

Baba Wakili, da Anti Safiyatu, da Anti Mashkura, da Madam Felicity, da Zacharias, kai har yaran da ke rarrafe a ƙarƙashin tebur, baki ɗaya kamar an haɗa su:

"YI SHIRU!"

Ya yi shiru. Anti Mashkura ta miƙa masa tsintsiya.